Waƙafin da Na Ɗora wa Injiniya Lawal

Rannan a wurin walimar ɗaurin aure wani matashi ya tambaye ni sana'ata, na ce masa fassara da gyaran rubutu. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan aikin yanzu waya ce ke yinsa." Ya ciro wayar ya nuna mini, ya zuba mata Turanci, ta amayo masa Hausa kafin in haɗiye lomar da ke bakina. Na ce masa Allah ya yi albarka. Ban tsaya gardama ba, don shinkafa na hucewa. Amma tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin aikinmu ɗauko kalma ne daga wannan kwando a jefa a wancan. Sunana Tanimu. Na haura shekara talatin ina wannan aiki a Kaduna, kuma da kalma ɗaya tak na taɓa raba wani bawan Allah da abincinsa. Kalmar ba kuskure ba ce a ƙamus, wayarku ma ba za ta ga laifinta ba.

Aikin farko da aka ba ni a maɗaba'a, farkon shekarun tamanin, shi ne sa ƙugiya. Maɗaba'ar ƙarama ce a Kinkinau, ɗaki biyu da rumfar kwano, mallakar Malam Garba wanda kowa ke kira Mai Jan Biro. Tafiretocinmu ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai a buga shafi da haruffan tsirara, a miƙo mini, in bi layi-layi da siririn alƙalami da baƙar tawada ina lanƙwasa wa kowanne kai. In hannunka ya yi rawa, sai reza: ka kankare, ka manna farar takarda da gam, ka jira ta bushe, ka sake. Wata shida na yi a kan bencin nan ba a bar ni na fassara ko "sannu" ba. A nan idona ya fara mutuwa, wannan gilashin mai kaurin gindin kwalba can na samo shi.

Malam Garba kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai jan biron da ya ba shi suna, akwai wani tsohon ƙamus da bangonsa ya fita aka ɗaure shi da roba, sai kekensa. Keken ne ya fi ƙamus ɗin shan aiki. Yakan ce, "Tanimu, ƙamus zai gaya maka abin da kalma take nufi, amma ba zai gaya maka ta su waye ba. Kowace kalma da masu ita." Dokarsa ita ce, kafin takarda ta hau inji, sai ka hau keke ka kai ta wurin mutanen da suka mallaki kalmomin da ke cikinta, ka karanta musu da baki, ka kalli fuskarsu. Wannan shi yake kira kai kalma gida.

Fassarata ta farko wata sanarwa ce zuwa ga mahauta, a kan wanke wurin yanka da wuƙaƙe. Don in nuna na yi karatu, sai na rubuta musu cewa su riƙa tsarkake wurin. Malam Garba ya karanta, ya miƙo mini makullin keke. Na je kwata na tarar da dattijon mahautan, na tsuguna na karanta masa. Ina zuwa kan kalmar ya ajiye wuƙar da yake wasawa. Ya ce, "Yaro, wato naman da muke sayar wa Musulmi najasa ne ke nan?" Da ƙyar na fita daga kwatar nan da hulata. Na dawo Malam Garba ya soke tsarki da jan biro ya rubuta tsafta. Ya ce, "Kalmar masallaci in za ka fito da ita kasuwa, sai ka nemi izini." Na ji, na haddace, har na riƙa gaya wa na bayana.

Bayan rasuwarsa na buɗe tebur nawa a Unguwar Dosa. Masu kawo mini aiki iri biyu ne. Ma'aikatan gwamnati su zo da jawabin da maigidansu zai karanta, su ce in sa masa karin magana ya yi armashi. Malamai su zo da 'yan littattafan alwala da salla da hukuncin azumi, an rubuta da ajami, su ce in mayar musu boko. Na farko ba sa karanta abin da na ba su, na biyu kuwa sai su bi shi da yatsa harafi-harafi. Cikin malaman, babban wanda nake ji da shi shi ne Alaramma Shu'aibu na Malali, mai makarantar allo da zaure cike da ɗalibai manya. Rabin aikin da ke ciyar da gidana ta hannunsa yake zuwa.

A tsakiyar shekarun casa'in ne Injiniya Lawal ya shigo rayuwata. Maƙwabcina ne, gida huɗu tsakani, yana aiki a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnati. Siriri ne, marar yawan magana, kullum aljihun gaban rigarsa da sukurdireba. Wata Asabar ya kira ni zaurensa ya ce in zo in ga wani abu. Ya yaye zanen da ya lulluɓe kwamfutarsa, ya tura mata faifai, irin ƙaramin nan mai kusurwa huɗu da ba ku taɓa gani ba. Allon ya kawo baƙi da koren rubutu. Ya ce in danna nan. Na danna, sai ga ƙ ta fito da ƙugiyarta a kanta, tsaf. Na danna wani, ga ɗ. Ya kunna firinta, ta yi ta ƙara kamar ana yanka akuya, ta turo takarda, ƙugiyoyin nan duk suna nan babu wadda ta karkace. Na cire gilashina na dube shi. Murna na yi, amma har da haushi, don na tuna watannin da na yi a kan benci.

Lawal ne ya sa wa abin suna Ƙugiya. A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, furogiram muke cewa. Ya gaya mini gaskiya cewa ba shi ya gina shi daga tushe ba. Wasu mutane ne a ƙasashen waje suka rubuta furogiram na buga rubutu suka sake shi ga duniya, wani abokinsa da ya dawo daga karatu ya kawo masa, shi kuma ya yi watanni yana koya masa haruffanmu. Sai ya miƙo mini wasu takardu na Turanci, ya ce wannan shi ne lasisin da abin ya zo da shi.

Na kai su gida na karanta. Ban taɓa ganin lasisi irinsa ba. Wanda na sani, lasisi hana ka yake yi, wannan kuwa ba ka yake yi. Ya ce ka yi amfani da abin yadda ka so, ka kwafa wa wanda ka so, ka buɗe cikinsa ka gyara. Sharaɗin shi ne, duk wanda ka ba, ka ba shi da irin damar da aka ba ka, da asalin rubutun da aka gina abin da shi, kuma takardar lasisin ta bi kowane kwafi, kada a cire ta. Sannan akwai wani sakin layi, a fili ƙarara, da ya ce kana iya karɓar kuɗi a kan kwafin da ka yi wa mutum, da kuma a kan aikin da ka yi masa. Ba a hana ciniki ba. Kullewa aka hana.

Lawal ya ce, "Malam Tanimu, mutanenmu ba za su karanta wannan Turancin lauyoyin ba. Ka yi mini shafi ɗaya da Hausa, in sa shi a gaba, duk wanda ya kunna shi zai fara gani."

Kwana uku na yi ina neman sunan da zan kira abin da shi. Ku da kuke cewa aikin ba wuya, ga inda wuyar take. Na gwada kyauta. Amma Bahaushe in ka ba shi kyauta ta zama tasa, ya sa a akwati ya datse da kwado, ba ka da ta cewa, wannan kuwa shi ne ainihin abin da lasisin ya hana. Na gwada sadaka. Wane ma'aikaci mai babbar riga ne zai yarda a ce sadaka aka ba shi? Aro kuma mayarwa ake yi. Kalmar da ta fi kusa da abin da masu lasisin suke nufi ita ce 'yanci, na sani sarai. To amma zamanin soja ne. Ka rubuta 'yanci da manyan baƙaƙe a kan takarda, ka ce a riƙa kwafa ana miƙa wa juna hannu da hannu, ai ka nemi kwana inda ba ka shirya ba. Ko Lawal da ke cin albashin gwamnati ba zai sa hannu ba.

A rana ta uku, bayan la'asar, ina zaune a masallacin unguwa, sai idona ya faɗa kan kantar da ake jera Alƙur'anai. A gefen kowanne an rubuta: waƙafi ne. Nan take na ce ga kalmar da nake nema. Abin da ba na kowa ba kuma na kowa ne, abin da ba mai ikon kullewa, abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu yana nan yadda yake. Na ce a raina ko masu lasisin da kansu ba su sami kalma irin wannan ba. Na fito ko takalmina ban sa daidai ba, na zauna na rubuta shafin a zama ɗaya. Ya yi kyau, ba yabon kai ba. Ya fi duk jawaban da na taɓa rubuta wa manya.

Sai dai sakin layin nan na karɓar kuɗi ya ƙi zama. Duk inda na sa shi sai ya yi karo da kalmata, don ko yaro ya san waƙafi ba a sayar da shi. A nan ya kamata in gane cewa kalmar ce ba ta dace ba. Ni kuwa sai na ga sakin layin ne bai dace ba. Na ɗauki jan biro, wanda na gada daga Malam Garba, na soke shi a jikin takardar Turancin, na bar shi a waje.

Lawal ya karanta a tsaye a ƙofar gidansa. Ya gyaɗa kai, ya sake karantawa, sannan ya ce, "Ina wurin da suka ce ana iya karɓar kuɗin kwafi da na aiki?"

Na ce, "Haba Injiniya, kai da albashinka, me za ka yi da wannan? In ka sa maganar kuɗi kusa da waƙafi ai ka zuba gishiri a fura. Bari mutane su karɓi abin da zuciya ɗaya tukuna."

Ya yi murmushi ya ce, "To, kai ne malamin Hausa." Ya sa sunansa a ƙasa.

Daga gidana zuwa zauren Alaramma Shu'aibu tafiyar ƙafa ce, ko keke ba ka buƙata. Kalmar malamai na ɗauko, kuma ga mai ita nan kusa. Ban kai ta gida ba. Ba mantuwa na yi ba, kada in yi muku ƙarya. Na san abin da zai iya cewa, kuma ba na son in ji.

Abin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Kowace Asabar da hantsi zauren Lawal ya cika, masu buga takardu, malaman makaranta, akawuna, kowa da faifansa a aljihu. A kwafa, a gwada, wanda ya gano wata matsala ya faɗa, Lawal ya rubuta a ɗan littafinsa, mako mai zuwa ya zo da gyara. Wata mai buga takardu a kotu ce ta gano cewa babbar Ɓ tana cin harafin da ke gabanta, ta aiko mijinta da takardar. Su ma waɗannan mutanen sai da na nema musu suna a shafin. In ka ce ƙungiya, tana son rajista kuma tana jawo ido, don haka na rubuta jama'ar waƙafi, shi kuma Lawal na kira shi mai hidima. Alaramma da ya ga littafinsa na alwala ya fito da ƙugiya tsaf, ya tashi bayan sallar azahar a masallacin Malali ya sanar cewa wani bawan Allah ya yi wa Musulmi waƙafi, ya sa aka yi masa addu'a. Ni kuwa ina gefe ina jin kaina kamar ni aka yi wa.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ba man fetur, layin mota tun daga gidan mai har inda ido ya ƙare, wuta sai an ga dama, kwanon masara ya fi ƙarfin akawu. Ana cikin haka aka rage ma'aikata, sunan Lawal ya fito a jeri. Yana da mata da 'ya'ya biyar, ga tsohuwarsa a gidan. Ya zo teburina ya zauna, ya ce ba zai je yana bin ofis-ofis ba. Shagunan buga takardu suna ta buɗewa a gari, kowanne yana son Ƙugiya. Zai riƙa zuwa yana sa musu, ya koya wa ma'aikatansu, ya gyara musu in ta lalace, a biya shi. Ya ce, "Ai lasisin ya yarda." Na ce ƙwarai. Ban iya kallon idonsa ba, sai na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur.

Aikinsa na farko a Kinkinau ne, shagon wani ɗan kasuwa, Alhaji Nasidi, mai kwamfuta uku. Kwana biyu Lawal ya yi a can, a ƙafa yake zuwa don ba abin hawa. Ya sa, ya daidaita firinta, ya zaunar da masu buga takardun ya koya musu. Da ya gama ya nemi haƙƙinsa, sai Alhaji ya kunna kwamfuta ɗaya, ya nuna allon da sandar hannunsa. Ya ce, "Injiniya, karanta mini layin farko." Daga nan magana ta yi tsawo, har Alhaji ya ce su je gaban malamai.

Aka taru a zauren Alaramma ranar wata Alhamis da safe, ranar da ba karatu. An aiko a kira ni. Na sa takardun Turancin a jakata na tafi. Zauren ya cika, kuma rabin waɗanda ke zaune a kan tabarmin nan masu kawo mini aiki ne. Alhaji Nasidi ya shimfiɗa shafin a gaban Alaramma, an bugo shi a firinta.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Tsoro nake ji kada in taya shi cin haram. Ku da bakinku kuka ce waƙafi ne."

Alaramma ya dubi Lawal ya ce, "Injiniya, wannan sunanka ne?"

"Sunana ne, Malam. Amma takardar asali, ta Turanci, ta ce ana iya karɓar kuɗin kwafi da na aiki."

Alhaji ya yi caraf ya ce, "Mu Turanci ka ba mu ko Hausa?"

Aka yi 'yar dariya. Alaramma ya ɗaga hannu aka yi shiru, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Tanimu, kai ka juya takardar nan, kuma mun san ka da amana. Abin da ke nan shi ne abin da ke can?"

Jakar tana kan cinyata. Sakin layin yana ciki, da jan layin da na ja a kansa. Abin da ya rage kawai in zuge zif in miƙa. Sai na dubi malaman nan, na tuna littattafansu da ke jibge a teburina. Wa zai sake ba da littafin addini ga mai fassarar da ya ce da bakinsa yana cire abin da bai yi masa daɗi ba? Na ce, "Ma'anar dai ke nan, Allah gafarta Malam."

Lawal ya dube ni. Ko fuska bai ɓata ba. Ya dai ciro sukurdireban nan daga aljihu, ya juya shi a hannu, ya mayar.

Alaramma bai zalunce shi ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya ce tunda an rubuta waƙafi an sa hannu, abin da ke cikin faifan ba a sayar da shi. Amma gumin mutum ba waƙafi ba ne, mai kula da waƙafi ma yana cin ladan aikinsa, don haka wanda ya sa shi aiki ya biya shi. Hukunci ne mai rabi biyu. Rabin farko ne kawai ya fita daga zauren.

Kafin mako ya zagayo, daga Malali har Unguwar Dosa an san cewa Injiniya ya yi waƙafi ya dawo yana son ya ci. Mutumin da aka yi wa addu'a a masallaci ya zama mai cin waƙafi. Masu shaguna su kira shi, ya yi yini guda yana aiki, su raka shi bakin ƙofa da "Allah ya saka da alheri." Masu kirkin da ke son biyansa kuma kunya suke ji kada a ce sun sayi waƙafi, sai su dunƙule wani abu su tura masa a aljihu kamar mai bara, shi kuma ya mayar musu. Zauren Asabar bai mutu nan da nan ba. Mutane suna zuwa su kwafa, sai dai ba mai zama.

Alhaji Nasidi kuwa, mai tsoron haram, ya sa aka cire shafina daga gaban furogiram ɗin, aka canza masa suna, aka zuba faifan a leda da takarda mai launi, ya jera a kanta da farashi a jiki. Mutane suka yi ta saye suna godiya, har suna cewa wannan ya fi na Injiniya kyau tunda na kuɗi ne. Asalin rubutun bai ba kowa ba. Abu ɗaya da lasisin ya hana shi ne ya yi, kuma ba wanda ya kai shi zauren kowa, don shi bai taɓa cewa waƙafi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai da na yi wata uku ina kwana da abin kafin na je wurin Alaramma ni kaɗai, na zuge jakar na nuna masa jan layin. Ya ce, "Malam Tanimu, da ka zo mini kafin ka buga, da na gaya maka wannan ba waƙafi ba ne. Waƙafi ba ado ba ne da za ka yafa wa abu don ya yi kyau, hukunci ne. Ka ɗora wa mutum alkawarin da bai ɗauka ba." Ya sanar a masallaci cewa an yi kuskure a takardar, kuma Injiniya ba shi da laifi. Mutane suka ce Malam dai tausayi ne ya kama shi.

Na sake rubuta shafin. A wannan karon ban nemi suna ba ko kaɗan. Na rubuta: ka yi amfani da shi, ka gyara, ka kwafa wa wani, ka karɓi kuɗin aikinka in ka so, amma kada ka hana wani abin da aka ba ka. Ba daɗi a baki, amma gaskiya ne. Ihu bayan hari. Fayafayan da suka riga suka bazu suna ɗauke da tsohon shafin, kuma duk mai kirkin da ya kwafa sai ya kwafa da shi, saboda a ƙasansa na rubuta cewa amana ce kada a cire wannan shafi. Wannan sakin layin kam na fassara shi daidai, kuma mutane sun kiyaye shi. Bayan shekaru na ga tsohon shafin a wata kwamfuta a Zariya, da sunan Lawal a ƙasa, babu nawa.

Lawal ya sayar da kwamfutar ya sayi injin niƙa, ya kafa rumfa a bakin wani lungu a Malali. Mun daina gaisawa sai ɗaga hannu daga nesa. Wata rana da safe sai ga shi a teburina, gira da gashin baki duk sun yi fari da gari, da wani falankin katako a hammata. Ya ajiye shi a kan takarduna. Ya ce mata suna aiko da niƙa suna cewa a kai wa Mai Waƙafi, wasu kuma su aiko ba ko sisi, wai sun ji injin ma na Allah ne.

Ya ce, "Rubutunka ya fi nawa kyau. Ka rubuta mini: Ana niƙa, ana biya."

Na fara cewa, "Injiniya, tun rannan nake so in..."

Ya ce, "Kalma huɗu ne, Malam Tanimu. Kada ka cire ko ɗaya. Kuma don Allah kada ka nemo mini wata mai daɗi."

Na sayo fenti na rubuta. Da ya bushe na saɓa shi a kafaɗa, na taka har Malali a ƙafa. Na tarar injin yana ta ƙara, mata sun jera robobi. Na tsaya har ya kashe, sannan na ɗaga falankin na karanta masa da baki, a gaban matan, ina kallon fuskarsa, yadda Malam Garba ya koya mini. Ya bi kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga su, sannan ya karɓa ya rataye a ƙusa.

Ya ce, "Wannan ya yi." Ya juya ya ja igiyar injin.